Ƙwan Zabi a Injin Maijidda

Shafi na 14

Na Ɗanliti

Salamu alaikum 'yan uwa. Na ga saƙonninku, har da na baiwar Allahn da ta ce in ban sako yau ba, za ta fice daga gurup. Ki yi haƙuri Hajiya, maimai muke yi a gonar gero, in na dawo yatsun nawa ba sa yarda su danna waya. Ga shi nan dai.

Wanda ya shigo yanzu: Maijidda matar Naziru ce take da injin ƙyanƙyasa a ƙauyensu da ke bayan Tofa. Matan unguwa sun kawo mata ƙwan zabinsu amana. Shi kuwa injin, ƙwan kaza kaɗai ya sani.

*

Naziru ya kwance bayan injin, ya tara kusoshin a murfin kwano don kar su ɓata.

Maijidda na tsaye bakin ƙofa, hannu a ƙugu.

"Injiniya."

In ta ce masa Injiniya, to ba yabo ba ne.

"Na'am, Hajiyar zabi."

"Wa ya ce ka buɗe min shi?"

"Ke kika ce in duba."

"Dubawa na ce. Ban ce ka feɗe shi ba."

Ya yi murmushi bai ɗago ba. "Zo ki zauna in nuna miki. In kin ce a'a, wallahi mayar da kusoshina zan yi."

Ta ɗan ja lokaci, don kar ya ga ta sauko da wuri, sannan ta jawo kujera 'yar tsugunno ta zauna kusa da shi.

"Tun shekaranjiya ya daina juya ƙwan," in ji shi. "A lissafinsa na kaza ne, sati uku sun kusa cika, ya tsaya yana jiran 'yan tsaki. Zabi kuwa sai sun yi huɗu. In ba a juya su ba, ɗan mannewa zai yi a jikin ɓawo."

"Sai in juya da hannu."

"Bara ma da hannu kika juya. Kina buɗewa zafi na fita. Kin manta baragurbin da muka zubar a bayan gida? Kin manta kukan da kika yi?"

"Ban yi kuka ba. Wari ne ya shigar min ido."

"To, wari ne."

Ta harare shi, sannan ta leƙa ta gilashin ƙofar injin. Ƙwai ne jere hawa-hawa, kowanne da alamar mai shi. Na Barira ɗigon lalle. Na Aina'u zanen gawayi. Nana Maryam kuwa jan farce ta shafa wa nata, wai ko a ƙwai a san da 'yan gayu. Kowacce sai da ta bi zabuwarta cikin raɓa, tana leƙen gindin gero, kafin ta gano inda take saka.

"Ba nawa ba ne, Baban Ramlat," ta ce a hankali. "Da nawa ne da na ce yi duk yadda kake so. Barira sai da ta riƙe hannuna ta ce, Maijidda, kajina na kwanci na hana su don na yarda da ke."

"Na sani. Shi ya sa nake so su fito."

Ya nuna mata wani baƙin abu a jikin allon injin, bai kai ƙwayar wake ba, da 'yan ƙafafu sirara.

"Kin ga wannan? Aisi ake ce masa. Shi ne ƙwaƙwalwar. Yaushe za a juya, yaya zafi zai kai, duk a cikinsa aka rubuta."

"Wannan ɗan mitsitsin?"

"Shi. Uwais ya ba ni aron laftof ɗinsa, da manhajar da ake yi wa aisi rubutu, da fayil ɗin da ya san ƙwan zabi."

Uwais abokinsa ne, mai gyaran waya a Dawakin Tofa.

Naziru ya ɗauko wani maƙali mai kama da na shanya, sai dai bakinsa da ƙananan haƙoran ƙarfe, wayarsa ta tafi jikin laftof. Ya kashe injin. Fankar ta yi shiru.

"Ka kashe!"

"Na ɗan lokaci ne. Kaza ma tana tashi ta sha ruwa ta dawo."

Ya maƙala haƙoran a ƙafafun aisin, a hankali kamar mai cire ƙaya a ƙafar yaro.

"Da farko zan kwafi abin da ke ciki in ajiye. Sai in goge. Sai in rubuta sabo."

"Ina haɗarin yake? Kar ka ɓoye min."

Ya sosa ƙeya. Ba ya iya yi mata ƙarya, ko ya yi sai kunnensa ya tona shi.

"Tsakanin gogewa da rubutawa. A nan injin ba shi da hankali ko kaɗan. In wuta ta ɗauke a wurin, shi ke nan, akwati ne kawai. Kuma batirin laftof ɗin nan ya mutu, da solarmu yake numfashi."

"Sai kuma me?"

"In an gama, tashinsa na farko ba a kashe shi. Zai gwada juya tirarrukan ƙwan da kansa, lambar da ke ɗan gilashinsa tana ƙyaftawa. Uwais ya ce in aka katse shi kafin ta tsaya, ya rikice, sai an koma farko."

Maijidda ta kalli ƙwan, ta kalli mijinta, ta kalli sama ta taga. Gabas ta ɗan yi duhu, amma da nisa.

"Bismillah," ta ce. "In ka kashe min shi, kai za ka kwanta a kansu."

"Sati guda ne ai. Ki dinga kawo min tsaba."

Ya kwafa, ya ajiye, ya nuna mata da yatsa inda ya ajiye. Ya danna gogewa. Sannan ya danna rubutu.

Wani koren layi ya fara tafiya a gilashin laftof, a hankali, kamar tururuwa ta ɗauko kaya.

Iska ta kaɗa labulen ƙofa.

"Hadarin nan fa ya matso," in ji Maijidda.

"Mun kusa rabi."

Walƙiya ta haska ɗakin. Kafin su gama salati tsawa ta fashe a kan gidan, har kwanon rufi ya amsa. Naziru ya zabura, gwiwarsa ta bugi benci.

Laftof ya yi baƙi.

Daga tsakar gida suka ji murya, tana haki.

"Na kashe! Na kashe muku, Alhamdulillahi!"

Inna Kaltume ce, mahaifiyar Naziru. Ta shigo mayafi a karkace, carbi a hannu.

"Maijidda, ke ma da hankalinki? Hadari a ka, kin bar wannan yana wasa da wayoyin wuta? Na kashe babban makunnin, na rufe madubinki da zane, rediyon ma na cire masa batir."

"Wannan" take ce masa. Ɗan fari ne, tun da ya buɗe ido bai taɓa jin sunansa a bakinta ba. In tana son magana da shi, sai ta bi ta kan matarsa ko ta kan bango.

Naziru ya miƙe. Ya fita da sauri ya ɗaga makunnin, ya dawo. Laftof ya tashi. Ya buɗe manhajar, ya danna.

Jan rubutu ya fito. Manhajar ba ta ganin aisin.

Ya sake dannawa. Ja.

Ya cire maƙalin, ya kunna injin. Fanka ba ta motsa ba. Ɗan gilashin lamba baƙi ƙirin.

"Baban Ramlat?" Muryar Maijidda ta sirance.

Ya kasa kallonta.

"Lafiya dai?" in ji Inna.

"Lafiya lau, Inna. Ba komai."

"Ba komai?" Maijidda ta miƙe tsaye. "Ba komai ka ce?"

"Maijidda..."

"A'a, bar ni. Me zan ce wa Barira? In ce mata ba komai? Aina'u da 'yan zabin nan take sa ran yi wa 'yarta kayan ɗaki. In ce mata ba komai?"

Ta juyo wajen Inna. Shekararta bakwai a gidan ba ta taɓa ɗaga wa surukarta murya ba. Naziru ya ga maganar ta taso mata har wuya, ya ga ta haɗiye rabi.

"Inna, da kin tambaya. Tambaya kawai. Yana tsakiyar yi wa injin rubutu ne. Yanzu ya mutu."

"Ya mutu?"

"Ya mutu, Inna. Ƙwan mutane na ciki suna hucewa."

Inna ta dafa bango. Ta kalli injin. Ita ce kullum take ce masa kazar da ba ta da fukafukai, take cewa ba ta ga ranar da akwati zai yi kwanci ba. Naziru ya zaci yanzu ma abin da za ta ce ke nan.

Sai ta sulale ta zauna a ƙasa.

"Maijidda, kin san tabon da ke kafaɗarsa ta hagu?"

Maijidda ta yi sororo. "Na garwashi? Wanda ya faɗa yana rarrafe?"

"Ba garwashi ba ne."

Naziru ya kai hannu kafaɗarsa bai sani ba.

"Yana goye a bayana. Zan kai wa babansa abinci gona, marigayi ya ce in taho masa da rediyo. Ina tafe ina ji, na zare eriyar har ƙarshe. Hadari ya taso, na fake a gindin ɗorawar nan da kuke gani rabinta a bushe."

Ta murza carbin.

"Ban ji ƙara ba ma. Farkawa na yi na gan ni a kwance, rediyon ya tarwatse, zanen goyo yana hayaƙi. Na kwanto shi. Ba ya kuka. Na jijjiga shi, ba ya kuka. Na hura masa kunne, na hura masa baki. Ni kaɗai a dajin nan, ruwa na dukanmu."

"Inna..." in ji Naziru.

Ba ta kalle shi ba. Matarsa take kallo.

"Da ya yi atishawa, Maijidda, ban san sanda na yi guɗa ba. Babansa ya ce kar a gaya wa kowa, kar a dinga nuna shi ana cewa ga wanda aradu ta taɓa. Muka ce garwashi ne. Tun ranar, in na ji cida, ƙafafuna ba nawa ba ne. Yau na leƙo na gan shi tsakiyar wayoyi, ga walƙiya. Ban ga inji ba. Goyona na gani."

Ruwa ya sauko, yana dukan kwano.

Maijidda ta durƙusa gaban Inna, ta gyara mata mayafi. Fushin nan duk ya zube.

"Ki yafe min, Inna."

"Ke za ki yafe min. Amanar mutane na taɓa miki." Ta share ido da bakin zane, sai ta yunƙura ta miƙe kamar ba ita ba. "Kuka ba zai ɗumama ƙwai ba. Akwai ruwan zafi a kan murhu. Kawo min robobin lemon nan da kike tarawa, da bargon wannan."

Nan da nan suka cika robobi da ruwan ɗumi, suka naɗe su da tsumma. Maijidda ta buɗe ƙofar injin kaɗan tana jerawa a gefe.

"Bari," in ji Inna, ta karɓe sauran. "Na ƙasan ni zan saka. Ke ji da na sama."

Ta tsugunna ta tura hannu can ciki, ta daɗe tana gyarawa. Suka rufe, suka lulluɓa bargo.

Shi kuwa Naziru yana zaune riƙe da maƙalin, zuciyarsa rabi a kafaɗarsa rabi a kan allo. Ya kai shi wajen hasken taga. Sai ya ga haƙori ɗaya ya lanƙwashe. Sanda ya zabura ya bugi benci ne.

Ya miƙar da shi da bakin allura. Ya maƙala. Ya danna.

Ja.

Ya danne maƙalin da yatsa, ya sake dannawa.

Kore.

"Ya amsa!" Bai san ya yi ihu ba. "Maijidda, bai ƙone ba! Fanko ne kawai, amma da ransa!"

Yana sakin yatsa, jan ya dawo.

"Haƙorin ya saki. Sai an danne shi har a gama. Kuma ban ga alamar zai jure a sake maƙala shi ba bayan wannan. In ya karye, sai Kano."

"Kano a ruwan nan?"

"Shi ya sa. Sau ɗaya muke da shi." Ya juyo da laftof ɗin wajenta. "Ga tsohon da na ajiye, na kaza. Shi na tabbata zai tashi, sai ki koma juyi da hannu. Ga sabon, na zabi. Shi ban taɓa ganin ya yi aiki ba, Uwais ne ya ce min yana yi. Injinki ne. Amanarki ce. Zaɓi."

"Kai me ka gani?"

"Ni na riga na zaɓa ɗazu, kin ga inda muka tsaya."

Ta juya wajen injin. Ta ɗaga bakin bargo ta leƙa ɗigon lalle, zanen gawayi, jan farce.

"Bara ban yi kuka ba," ta ce.

"Wari ne."

"Bana ba na son warin. Sa na zabin."

Ta zauna, ta ɗora yatsu biyu a kan maƙalin yadda ya nuna mata.

"Ko sauro ya cije ki kar ki motsa."

"Kai dai kar ka sake dukan benci, matsoraci."

Cida ta yi gurnani daga nesa. Su biyun suka kalli Inna a tare.

Ta gane kallon.

"Maijidda, gaya masa ni zan tsare makunnin. Ko Ramlat ce ta dawo daga Islamiyya ba za ta taɓa shi ba. Ni ma na rantse ba zan taɓa ba sai an ce min."

"Inna, a barandar yake fa. Walƙiyar za ki dinga gani."

"Na sani."

Ta fita. Ta ƙofa suna hango ta, tsaye a gindin makunnin, feshin ruwa na taɓa ƙafarta.

Naziru ya yi bismillah ya danna.

Koren layin ya fara tafiya.

Walƙiya ta haska. Inna ta runtse ido, ta damƙe carbi da hannu biyu, ta kai su bayanta kamar mai ɓoye su daga kanta. Tsawa ta biyo. Amma ba ta motsa daga wurin ba.

Naziru ya ɗan tsaya yana kallonta. Ya mai da ido kan laftof.

"Yatsana ya sage," in ji Maijidda ta tsakanin haƙora.

"Saura kaɗan, Hajiyar zabi."

"In aka ƙyanƙyashe, na farkon sunanka zan sa masa."

"Injiniya?"

"Matsoraci."

Layin ya cika. Manhajar ta duba abin da ta rubuta, ta nuna kore.

"Saki."

Ta saki, tana yarfe hannu. Ya cire maƙalin, haƙorin nan ya ɓalle ya faɗo a tafin hannunsa. Suka kalli juna.

Ya yaye bargon. Ya kunna injin.

Shiru.

Sai fankar ta yi tari, ta fara juyi. Gilashin lamba ya kawo haske, lambar tana ƙyaftawa.

Maijidda ta toshe baki da hannu, dariya da hawaye suna fitowa tare.

"Wannan ma wari ne?"

"Rufe min baki. Inna! Inna, ya tashi!"

"Alhamdulillahi!" in ji Inna daga baranda. "In sauko daga gadi?"

"Tukuna, Inna," in ji Naziru. "Yanzu ne zai gwada juyi. Har sai lambar ta tsaya."

Wani ɗan ƙugi ya taso daga cikin injin. Tiren sama ya fara karkata, a hankali, ƙwan suna kwantawa gefe ɗaya. Ya tsaya. Na biyu ya ɗauka.

A nan ne suka ji shi.

Tsiyak.

Maijidda ta kasa kunne. "Ka ji?"

"Fankar ce."

Tsiyak. Tsiyak.

Ba fanka ba ce. Naziru ya kwanta rub da ciki ya haska tocilan ta gilashi. Can ƙuryar tiren ƙasa, bayan ƙwan Barira, inda ido ba ya kaiwa, ga wasu fararen ƙwai a lafe. Ɗaya ya fashe. Wani jiƙaƙƙen ɗan kai ya leƙo, ya saƙala wuya tsakanin ƙarfen tire da bangon injin.

"Ƙwan kaza!" in ji Maijidda. "Wa ya sa min ƙwan kaza?"

"Ni ce."

Inna ta leƙo da rabin jiki, hannu ɗaya na can wajen makunni, fuskarta kamar yarinyar da aka kama da hannu a tukunya.

"Shaho ne ya ɗauke min wake-waken kazata, ta bar su. Ranar da kika zuba na mutane na faki idonki na tura. Bayan duk abin da na faɗa a kan akwatin nan, da wane baki zan roƙe ki?"

"Zaro tiren!" in ji Maijidda.

"Ba ya zaruwa in yana juyi!"

Tire na biyu ya tsaya.

Lambar tana ta ƙyaftawa. Haƙorin maƙalin na nan a tafin hannun Naziru. In aka kashe yanzu, babu abin da zai sake yi wa aisin rubutu da shi, ga ƙwan matan unguwa. In ba a kashe ba, ga wuyan nan.

Ƙugin ya sauko ƙasa. Tiren ƙarshe ya motsa.

Tsiyak!

Inna ta ɗora yatsa a kan makunnin. Ba ta kalli Maijidda ba, ba ta kalli bango ba. Shi ta kalla, ido cikin ido.

"Naziru," ta ce. "In kashe?"